Takardar da Ke Ƙafar Gadon Surukina

Ina aikin nas a ɗakin maza na wani asibiti a Gwandu, tun kafin a yanke mana jihar Kabi daga Sakkwato, aka turo mana wata babbar nas daga wajen Zuru. Sista muke ce mata. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, kuma ranar da ta kama aiki ta sa aka kafa baƙin allo a bangon ofis, irin na makarantar firamare. Ta ɗauki alli ta ja layi uku. Layin farko na marasa lafiyan da suka faɗo daga gado ne, na biyu na waɗanda allura ta yi wa ƙurji, na uku na waɗanda doguwar kwanciya ta yi wa gyambo.

Ta ce, "Likita yana da nasa ma'auni, mu kuma namu ke nan. Ciwon da mutum ya zo da shi daga gida ba laifinmu ba ne. Amma idan ya kwanta a gadonmu bayansa ya ruɓe, mu muka ba shi wannan."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ni mutum ne mai saurin hawa, ga shi na riga na yi shekaru a aikin, sai ga wata ta zo da alli za ta auna ni. Ba ta tsaya nan ba. Duk mara lafiyan da ba ya iya motsa kansa, ta rataya masa takarda a ƙafar gado. Bayan kowace awa biyu sai a juya shi, a duba fatar diddige da kwatangwalo da kafaɗa da ƙasan baya, a shafa mai, sannan wanda ya yi ya sa hannu. Muka yi ta gunaguni a bayan idonta. Ni ne ma na fara cewa an mayar da mu masu suyar masa, daga juyi sai juyi, kowa ya ɗauka yana dariya.

Sai dai abin ya yi aiki. Kafin zuwanta akwai wani wari da ba ya barin ɗakinmu, musamman da bazara, warin naman mutum da ya daɗe a kan robar shimfiɗa. Mun saba da shi har mun ɗauka haka ɗakin maza yake. Bayan 'yan watanni warin ya ɓace. Tsofaffin da a da za su kwanta da karaya su ƙare da zazzaɓin da ba a san kansa ba, suka riƙa tashi suna komawa gida. Layi na uku ya zauna fayau ba ko ɗigo. Ni da na fi kowa tsiya na koma na fi kowa zaƙewa. In na ga gurbi ba sa hannu a takardar wani, har gida nake iya bin sa da faɗa. Sista ta lura, ta fara barin ɗakin a hannuna in za ta fita.

A cikin wannan hali aka kawo surukina, mahaifin matata.

Manomin shinkafa ne a fadamar Kalgo. Yana cikin gona ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Aka sa shi a bayan a-kori-kura. Daga Kalgo Birnin Kabi ta fi kusa, ga manyan likitoci, amma suka wuce ta suka yi ta tafiya har Gwandu, don suna da nasu a can. Nasun nan ni ne. Ƙanensa ne ya zo jinya, wani dattijo siriri mai furfura da muke kira Bappa. Shi kuma Likita yake ce mini, kamar yadda mutanen ƙauye ke ce wa duk namijin da suka gani da fararen kaya.

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai yi wuya ya gane abin da ke tsakanina da tsohon nan. Shekara shida ina auren 'yarsa, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Ban taɓa kiran sunansa ba, ko mai irin sunansa sai na sakaya. In na je Kalgo gaisuwa, tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, idona a ƙasa, shi ma ya kau da kai gefe yana amsawa. Gaskiyar magana na fi sanin yatsun ƙafarsa da fuskarsa. Babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini wannan, haka na ga ubana yana yi wa nasa surukin.

Na yi masa duk gatan da ke hannuna. Na ba shi gadon da ke bakin taga, inda iska ke shigowa. Na zaɓo katifar da ba ta lotsa ba, na ciro sabuwar roba daga sito. Da hannuna na rataya masa takardar juyi a ƙafar gado. A ƙafar gadon nan kuma na tsaya, ban ƙara taku ɗaya gaba ba.

Idan lokacin juyi ya yi, sai in zo in zame takalmina, in rusuna in ce, "Baba, ya jiki?" Ya yi wani sauti a maƙogwaro, Bappa ya fassara mini da cewa da sauƙi. Sai in dubi Bappa in ce, "An juya shi?"

"An juya shi, Likita."

In zaro biro in sa hannu. Ko ma'aunin zafi Bappa nake miƙa wa ya sa masa a hammata, ni in karanta. Abokan aikina da suka ga haka, su ma suka bi sahu. A ganinsu gadon nawa ne, kuma dangi sun yi nasu tsari, shiga ciki rashin ta ido ne. Wanda ke aikin yamma ya tambayi Bappa ya sa hannu, na bayansa ma haka. Sista kanta, wadda takan yaye zanen kowane gado ba sallama, in ta iso wannan sai ta gaida tsohon, ta ɗaga takardar, ta ga sa hannuna a jere, ta wuce. Duk ɗakin babu takardar da ta kai tasa cika.

Akwai abin da idona ke gani kullum, zuciyata na ƙin karɓa. Da safe in na shigo, yana kwance a kan damansa, fuskarsa na kallon bangon gabas. Da hantsi haka. Da azahar haka. Nakan ce wa kaina ai daidai lokacin da aka dawo da shi wannan ɓarin nake zuwa. Mutum in yana so ya yaudari kansa ba ya rasa dabara.

A cikin mako na biyu zazzaɓi ya kama shi. Likita ya ce a ba shi maganin zazzaɓin sauro, aka ba shi, bai sauka ba. Ya saurari ƙirjinsa, babu komai. Aka duba fitsari, shi ma babu abin kamawa. Tsohon ya daina karɓar kunun da matata ke damawa kowace safiya, sai Bappa ya ɗura masa cokali biyu da ƙyar. Ranar nan da rana tsaka ina tsaye a ƙafar gadon, iska ta buso ta taga, sai na ji shi. Warin nan ne, wanda na fi kowa sani, wanda na yi ta alfahari mun kora daga ɗakin.

Nan take na ɗora warin a kan maƙwabcinsa, wani da fartanya ta sare wa ƙafa. Washegari aka sallami mai ƙafar, aka wanke gadonsa, warin yana nan. Na ga ƙudaje biyu suna sauka a kan zanen tsohon, daidai kwatangwalo, Bappa na kore su da mafici suna dawowa wuri ɗaya.

Kwana biyu na yi ina yawo da wannan abu a cikina. In na doshi gadon sai in gaida shi, in sa hannu, in gudu. Har yanzu in na tuna cewa a kwana biyun nan ma na sa hannu, sai in ji kunyar kaina. A gida na kasa cin abinci. Matata ta dube ni da tausayi ta ce ko 'ya'yan da ya haifa ba su damu da shi kamar ni ba, Allah ya saka mini. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A rana ta uku na ja Bappa waje, ƙarƙashin dogonyaron da masu jinya ke shimfiɗa tabarma. Na ce, "Bappa, don Allah gwada min yadda kuka juya shi."

Ya yi mamakin tambayar. Ya ce, "Awa yadda kac ce mana. In tada shi zaune, in kakkaɓe matashi, in miƙe mai ƙahwahu, in murza mai kahwaɗa, in maishe shi."

"Ka maishe shi ina?"

"Bisa dama nai mana. Mutum shina tsakanin rai da mutuwa, in juya mai baya ga gabas? Shi da kai nai yar roƙe ni, randa munka zo. Ko sallah haka nan shika yin ta, da ido."

Na ce, "To wurin da shika kwance bisa, ka taɓa dubawa?"

Bappa ya dube ni kamar na zage shi. "Yayana na hwa, Likita. In buɗe mai zane in duba? In za ni gyara shi, hannu nika sawa ƙarƙashin zane, in kau da kai."

Na buɗe baki zan zazzaga masa masifa, in ce shi wane irin mai jinya ne, kwana goma sha yana zaune bai ga abin da ke gabansa ba. Sai na fasa. Dattijon nan bai yi makarantar koyon jinya ba, bai ci albashin kowa ba, kuma abin da ya hana shi dubawa shi ne ya hana ni. Bambancinmu ɗaya, shi bai sa hannu a takarda ba.

Na yi tunanin in roƙi wani abokin aiki ya duba a ɓoye, mu yi magani ba tare da an hau allo ba. Na daɗe ina juya wannan a raina a bakin famfo, ina wanke hannun da ba shi da datti. Amma gyambon da ya kai ga zazzaɓi ya wuce auduga da ɓoyo, sai likita ya sa wuƙa, kuma kowace awa da na ƙara tana cin naman tsohon. Na nufi ofis. Sista na rubutu, na tsaya a gabanta na faɗa mata komai, ban rage ba.

Ba ta ɗaga murya ba, kuma na so ta ɗaga. Ta rufe littafinta ta ce, "Ɗauko tiren kayan wankin ciwo."

Muka ja labule muka kewaye gadon. Bappa ya tsaya ta wajen kai yana salati a hankali. Ni ina riƙe da tire, na tsaya a ƙafar gado ban matso ba. Sista ta gane ba zan iya ba, ta matsa ta kama bakin zanen. Sai tsohon ya motsa hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya danne zanen. Ya yi ta kokawa da harshensa.

"Macce... ta hita."

Sista ta saki zanen ba musu, ta koma bayan labule. Ya numfasa, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malam... yi aikinka." Ya lalubo hularsa a gefen matashi, ya kife ta a kan fuskarsa.

Na ajiye tire. Muka mirgina shi ni da Bappa, Bappa na kallon rufi, na yaye zanen. A kan kwatangwalon dama fatar ta mutu ta yi baƙi, faɗinta ya kai tafin hannuna, gefenta ya yi ja ya kumbura, ruwa na tsattsafowa ta ƙasa. Ɓarin da ya shanye ne, shi ya sa bai taɓa jin zafin da zai sa ya yi ƙara ba. Na sha ganin irinsa, har wanda ya fi shi, ban taɓa jin jiri ba sai ranar. Na ce, "Sista, a kira likita."

Likita ya zo ya yanke mataccen naman, ramin ya fi yadda na zata zurfi. Aka fara masa allurai masu ƙarfi. Da muka koma ofis Sista ta ɗauki alli, na ɗauka za ta rubuta, sai ta miƙo mini. Na je layi na uku na ja ɗaya. Abokan aikina suna tsaye, waɗanda na sha bi har gida da faɗa, suna kallona. Da sun yi mini dariya ma da na samu abin yin fushi.

Saura maganar gabas. Yanzu ba dama ya kwanta a kan damansa ko kaɗan, sai hagu da rigingine, Bappa kuwa ya kafe cewa ba za a juya wa yayansa baya ga alƙibla ba. Muna cikin ja-in-ja, wani mai jinya a gadon da ke fuskantarmu, mutumin Dalijan, ya ce, "To ku juya gadon mana." Mu huɗu muka ɗaga shi, kai ya koma inda ƙafa take. Tsohon ya kwanta a kan hagunsa, fuskarsa na kallon gabas. Abin bai ɗauke mu minti biyu ba, kuma da na yi tambaya ɗaya a ranar farko da tuni an yi shi.

Da yamma na faɗa wa matata. Tana tankaɗe, ta tsaya da rariya a hannu. Sannan ta ce, "Mun wuto Birni da shi saboda kai." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Kwana biyar zazzaɓin ya yi yana hawa yana sauka. Na roƙa aka bar mini wankin gyambon safe da yamma, ko ranar hutuna sai na zo. Kullum in na ja labule, shi zai lalubo hula ya rufe fuska, ni in yi aikina. Duk sanda na zaro ma'aunin zafi daga hammatarsa, sai na yi addu'a kafin in duba. Na san in ya mutu za a ce kwana ya ƙare, za a yi mini ta'aziyya, har a gode mini da ɗawainiya, kuma ni kaɗai da Sista za mu san abin da ya kashe shi. A rana ta shida zafin ya sauka bai sake hawa ba. Ya sha kunu rabin kofi, Bappa ya fita waje yana share ido.

Sista ta koya mini yadda zan san ko muna cin nasara. Kowace Litinin in ɗora farar leda mai tsabta a kan gyambon, in bi gefensa da biro, in rubuta ranar. In ka ɗora ta wannan mako a kan ta wancan, ido zai gaya maka gaskiya, ba sai ka tambayi kowa ba. Makon farko zanen bai ragu ba, na kwana da fargaba. Daga na uku ya fara tsukewa kaɗan kaɗan. Ta kuma sake takardar juyin gaba ɗaya. Ta ƙara gurbin da za a rubuta ɓarin da aka kwantar da mutum, dama ko hagu ko baya, da wani gurbin da ke cewa na gani da idona. Ta kafa doka cewa duk nas ɗin da aka kawo nasa, wani ne zai riƙa duba masa. Ba ta taɓa kiran sunana a kan dokar ba, amma kowa ya san daga inda ta fito.

Sai da ya haura wata biyu kafin ramin ya cike. Aka mai da shi Kalgo, ya ƙara shekara huɗu a duniya, yana jan ƙafa da sanda har bakin fadama ya ga shinkafarsa. Na ci gaba da zuwa gaisuwa. Ina tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa, idona a ƙasa, shi ya kau da kai. Ko sau ɗaya maganar ba ta taɓa tasowa tsakaninmu ba, har na fara zaton nauyin ciwo ya sa ya manta.

Ranar da ya rasu mun iso Kalgo da hantsi. Ina zaune a zaure cikin mutane, Bappa ya zo ya taɓa ni, muka koma gefe. Ya ce, "Ya bar wasiyya. Yac ce kai za ka wanke shi. Yac ce kai ɗai ka san jiki nai, kar a ƙara buɗe shi ga wani."

Ni na wanke shi, Bappa na zuba ruwa, kansa a kauce kamar dā. Da na mirgina shi na ga tabon, fari, ya lotsa, gefensa a tattare. Ban buƙaci leda ba, na san faɗinsa da ka. Na wanke wurin a hankali kamar zai ji zafi.

A maƙabarta muka durƙusa bakin kabari, ni da Bappa da 'ya'yansa, muka saka shi a kan damansa, fuskarsa na kallon gabas. Kowa ya janye hannu, nawa ya rage a ciki. Ban san ina yi ba, ashe na cusa tafina ƙarƙashin kwatangwalon, ina tare shi daga ƙasa. Mutane na jira da itace da tukwane a hannu. Bappa ya dafa kafaɗata ya ce, "Sake shi, Likita. Yanzu ba a juya shi."